Katikis da Yaransa: Tambaya da Amsa a Kan Hanyar Katsina Zuwa Maraɗi

(Kiɗan buɗe shiri)



Duk wanda ya taɓa tashi daga Katsina ya nufi Jibiya ya san Daddara. Ko bai san cikin garin ba, ya san shingen da ke bakin hanya, inda direba ke rage gudu, fasinja ya gyara zama, jami'i ya leƙo ya dubi buhunan da ke bayan mota. Gaba kaɗan sai Magamar Jibiya, ka tsallaka iyaka sai Ɗan Isa, ka miƙe sai Maraɗi. Ƙasar Musulmi ce gaba da baya. Da asuba kiran salla, da yamma muryoyin yara a makarantar allo da Islamiyya.

To amma a kan wannan hanya akwai Kirista. Akwai jami'an kwastan da na shige da fice da sojoji waɗanda aiki ya kawo daga Filato, ko Binuwai, ko Kudancin Kaduna, ko Inugu. Akwai 'yan kasuwa. Akwai kuma waɗanda mutane da yawa ke mantawa da su, Hausawa Kirista, haihuwar Malumfashi da Kafur da Matazu, haihuwar Maraɗi da Tsibiri, waɗanda ba su da wani harshe sai Hausa. Dukkansu suna da 'ya'ya. Yau kan 'ya'yan nan za mu yi magana: yadda ake koya musu addininsu, da mutumin da ke koya musu.

Sunan karatun katikisim. Ƙaramin littafi ne, an tsara shi tambaya da amsa, tambaya da amsa, tun daga bangon farko har na ƙarshe. Malami ya jefa tambaya, yara su amsa baki ɗaya. Ya sake jefawa, su sake amsawa, har amsar ta zauna daram. Ana farawa daga wanda ya halicci mutum da dalilin halittarsa, a bi ta kan shaidar bangaskiya, a zo Dokoki Goma, a zo baftisma da Jibin Ubangiji, a zo addu'a. Mai koyarwar kuwa katikis ake ce masa, ko da yake a ƙauye Malam kawai za ka ji ana kiransa.

Mu da muka tashi da allo a hannu, wannan ba baƙon abu ba ne a kunnenmu. Kafin yaro ya kai Ahalari da Ishmawi, balle Iziyya da Risala, da Ƙawa'idi yake farawa, kuma sai ya haddace kafin fahimta ta biyo baya. Hadisin Mala'ika Jibrilu ma da ɗan Islamiyya ke haddacewa a cikin Arba'una, ai tambaya da amsa ne, a kan Musulunci da imani da ihsani. Aƙida daban take, wannan babu gardama, kowa da tasa. Amma dabarar zuba wa yaro ilimi ta kunne, ita kam ta kowa ce.

(Kiɗa kaɗan)

Bari in fara da wani labari da ya ba ni dariya, ya kuma ba ni tausayi, don duk malamin da ke saurarenmu zai ga kansa a ciki.

Wajen shekara ta 400 bayan haihuwar Annabi Isa, a birnin Kartaj, cikin Tunisiya ta yau, akwai wani ma'aikacin coci mai suna Deogratias. Aikinsa shi ne karɓar sababbin shiga yana koya musu tushen addini. Mutane na yabonsa, amma shi bai gamsu da kansa ba. Sai ya rubuta wa babban malaminsu Agustin, bishop na Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya, yana kai kuka. Kukan me? Wai yana cikin koyarwa sai ya ji maganarsa ta gundure shi shi kansa, balle mai sauraro. Kun ji fa. Malami ne ke cewa karatunsa ya ishe shi.

Agustin bai yi masa faɗa ba. Sai ya zauna ya rubuta masa ɗan littafi guda a kan yadda ake koyar da masu farawa. A ciki ya nuna masa cewa shi ma yakan ji haka, don abin da ke cikin zuciya kullum ya fi abin da harshe ke iya fitarwa. Ya ba shi shawara ya riƙa koyarwa da fara'a. Ya ce masa ya lura da fuskar mai sauraro, in ya ga ya soma hamma, to ya sako wata magana mai daɗi da za ta farkar da shi, ko ya ba shi wurin zama in tsayuwa ce ta gajiyar da shi, in kuma abin ya ƙi, ya taƙaita. Ya ce kada a yi wa mai ilimi da marar ilimi karatu iri ɗaya. Jama'a, shekara fiye da 1,600 ke nan, a nan nahiyarmu ta Afirka, ana maganar hammar ɗalibi. Manya ne ɗaliban Deogratias, ba yara ba, amma hamma ai ba ta san shekaru ba.

Sauran tarihin bari mu bi shi a gurguje. A 1528 Martin Luther na Jamus ya zaga ƙauyukan Saksoni, ya tarar manoma, har da wasu limaman cocin, ba su iya kawo Addu'ar Ubangiji ko Dokoki Goma da ka ba. Ransa ya ɓaci. A 1529 ya fitar da ƙaramin katikisim, wanda aka fara bugawa a manyan takardu ana mannawa a bango, kuma maigida ya ɗora wa nauyin koyar da iyalinsa. Daga nan kowa ya shiga. Na Heidelberg ya fito a 1563 da tambaya 129, an raba su Lahadi 52 don a sauke a shekara. Katolika suka fitar da nasu a 1566 bayan babban taron Trent. Na Westminster, 1647, tambaya 107. A zamaninmu Paparoma John Paul na Biyu ya fitar da babba a 1992, aka taƙaita shi a 2005 zuwa tambaya 598. Wanda ya fi burge ni a cikinsu shi ne na Angilikan, wanda ke cikin littafin addu'arsu tun 1549. Tambayarsa ta farko sunan yaron kawai take nema, ta biyu kuma wanda ya raɗa masa. Bahaushen da ya san darajar ranar suna zai gane hikimar fara karatu daga nan.

(Kiɗa)

To yaya abin ya iso ƙasar Katsina?

A nan ma akwai wani labari da ba kasafai ake ba da shi ba. A 1710 wasu limaman Katolika biyu 'yan ƙungiyar Faransiskan, Fada Carlo Maria mutumin Genoa da Fada Severino mutumin Silesiya, suka taso daga Tarabulus. Labari ne ya kai Roma cewa can kudu da Barno, a ƙasar Kwararrafa, akwai mutane masu riƙe da alamar gicciye. Suka biyo ayari ta Fazzan, suka sauka Agadas, suka gangaro ta wannan ƙasa da yau iyaka ta raba biyu, suka shigo birnin Katsina. A nan ciwo ya kama su, a nan suka rasu, cikin 1711. Ta bakin fatake labarin mutuwarsu ya koma Tarabulus. Ku lissafa, shekara 93 ke nan kafin jihadin 1804. Ba su kai Kwararrafa ba, ba su gina coci ba, ba su bar ɗalibi ko ɗaya ba. Na kawo labarin ne don ya nuna abu guda: baƙo ya zo da littafi ya mutu, littafin ya mutu tare da shi, muddin babu ɗan gari da ya karɓa.

Sai da aka yi kusan shekara 200 kafin a sake gwadawa. A 1900 Bishop Tugwell na ƙungiyar mishan ta CMS da Likita Walter Miller suka isa Kano, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Miller ya samu zama a birnin Zariya a 1905, mishan ɗin ya koma Wusasa a 1929, cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa ya fito a 1932. Amma galibin ƙasashen sarakuna a rufe suke ga 'yan mishan, don shugaban Turawan mulki Lugga ya yi alkawari a Sakkwato a 1903 cewa ba za a taɓa addinin jama'a ba.

Ƙofar da ta buɗe, ƙofar asibiti ce. A shekarun 1930, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, aka miƙa wa ƙungiyar mishan ta SIM kula da masu cutar kuturta a Babbar Ruga, kamar yadda aka yi a Yadakunya ta Kano da Amanawa ta Sakkwato. A can tsallake kuma SIM ɗin ta sauka Damagaram a 1924, ta zo Tsibiri kusa da Maraɗi, ta buɗe asibitin Galmi a 1950, daga baya ta buɗe na kuturta a Danja. Danja ta Nijar nake nufi, wadda ke kan hanyar Maraɗi zuwa Ɗan Isa, ba Danjarmu ta wajen Funtuwa ba. Wato hanyar nan da ta ratsa Daddara, kowane ƙarshenta akwai tsohon asibitin kuturta na mishan. Wani abin mamaki, yau duka biyun, Babbar Ruga da Danja, sun yi suna wajen aikin mata masu yoyon fitsari.

A irin waɗannan wurare aka fara zaunar da yaran Hausawa ana koya musu karatun boko da ayoyi da waƙoƙin coci. Kuma gaskiya ɗaya ce, abin bai tafi salin-alin ba. An yi ta kai ruwa rana tsakanin sarakuna da Turawan mulki da 'yan mishan a kan yaran majinyata: uba ya zo neman magani, wa ya ba wani izinin koya wa ɗansa wani addini? Tambaya ce mai nauyi, kuma ni a ganina iyayen suna da hujja. Yawan Kiristan Katsina na yau dai ba daga asibiti ya fito ba. Ya fito ne daga ƙauyukan kudancin jihar, wajen Malumfashi da Kafur da maƙwabtansu, cikin Hausawan da ake kira Maguzawa, sunan da da yawansu ba sa so. Daga shekarun 1970 suka yi ta barin addinin gargajiya, wasu suka musulunta, wasu suka shiga coci.

(Kiɗa kaɗan)

A nan ne katikis ya shigo, kuma a nan nake so mu ɗan zauna.

Fada guda yana iya riƙe ƙauyuka goma ko fiye. Wani ƙauyen sai a yi makonni bai gan shi ba, balle da damina in hanya ta yanke. Wa ke buɗe coci ran Lahadi? Katikis. Wa ke karanta Littafi ya yi bayani? Katikis. Shi ke zuwa gaida marar lafiya, shi ke tsayawa a kan gawa in Fada bai samu isowa ba, shi ke sasanta miji da mata, shi ke yi wa baƙon limami tafinta in Hausarsa ba ta nuna ba. Manomi ne kamar kowa, da safe yana gona. Abin da ake ba shi a wata, in an ba shi, bai taka kara ya karya ba. Kuma shi ne ke tara yara ran Asabar da yamma ko ran Lahadi bayan sujada, a kan benci ko a gindin bishiya, ya ce to, mu koma inda muka tsaya.

Limaman Dominikan 'yan Amurka da aka ba yankin Sakkwato a 1953 sun gane wannan da wuri, shi ya sa aka kafa cibiyar horar da katikis a Malumfashi. Ku dubi abin da gidajen masu irin wannan aiki suka haifar. Janar Yakubu Gowon, wanda ya mulki Nijeriya daga 1966 zuwa 1975, a Wusasa ya tashi, a gidan mai aikin bishara na CMS. A watan Oktoba na 2023 kuma marigayi Paparoma Francis ya yanke Katsina daga Sakkwato ya mai da ita dayosis mai zaman kanta, wato yanki mai bishop nasa, ya naɗa Gerald Mamman Musa bishop ɗinta na farko. Mutumin Malumfashi ne, Bahaushe na farko da ya zama bishop a Katolika, kuma ɗan katikis ne. Daga 1711 zuwa 2023, shekara 312.

Yadda ajin yake, ya danganta da cocin. Katolika da Angilikan suna yi wa jariri baftisma, saboda haka karatun yana zuwa ne daga baya. Ɗan Katolika yakan shiga aji don shirin karɓar Jibin Ubangiji karo na farko, daga wajen shekara 7 zuwa sama, tun da Paparoma Pius na Goma ya sauko da shekarun a 1910. Sai kuma wani ajin kafin bishop ya zo ya ɗora masa hannu. Kafin kowanne akwai jarrabawa, yaro ya tsaya gaban Fada a yi masa tambaya, in ya kasa ya jira wani zagayen. Ranar nan uwa ta fi ɗan fargaba. ECWA kuwa, cocin da ya fito daga SIM a 1954, ba ta yi wa jariri baftisma. Yaro yana tashi ne a makarantar Lahadi, kowane mako da ayar da zai haddace, sai ya yi hankali ya shiga ajin baftisma, sannan a nitsar da shi cikin ruwa. Kada kuma mu manta da matan zumunta na coci. Rabin abin da yaro ya sani, a bayan uwarsa ya ji shi, cikin waƙa, tun bai iya magana ba.

Yanzu ga abin da ya sa na ce katikis ɗan gari ya fi littafin muhimmanci a wannan ƙasa tamu. Yaron da ya tashi a Inugu, kowa a unguwarsu Kirista ne, ba mai tsare shi da tambaya. Yaron da ya tashi a Jibiya ko Maraɗi, wataƙila shi kaɗai ne a ajinsu. A bakin famfo za a tambaye shi, a filin ƙwallo za a tambaye shi. Wai ku Allah uku gare ku? Me ya sa ba ku salla? Ku ma kuna azumi? Yawanci ba da mugunta ba, yara ne, son sani ne. Amma amsa ake jira, kuma da Hausa ake jiranta, yanzu-yanzu. Jarrabawar Fada sau ɗaya ce a shekara, ta bakin famfo kuwa kullum ce. Littafin da aka tsara a Jamus ko Roma bai san da waɗannan tambayoyi ba. Katikis ya san su, don shi ma an yi masa su yana yaro, wataƙila ma baffansa ko kawunsa Musulmi ne, suna cin tuwo kwano ɗaya.

A nan ne kuma hadda kaɗai take gazawa. Yaro ya iya kawo amsa tiryan-tiryan kamar aku, amma da an juya tambayar ta wata fuska sai ya yi tsuru-tsuru. Su kansu malaman coci sun daɗe suna wannan ƙorafi, shi ya sa littattafan baya-bayan nan suka ƙara labarai da hotuna da bayani. Masu kare hadda kuma suna cewa a bar yaro ya adana tukuna, fahimta za ta tarar da abin a ajiye, ranar da ya shiga wuya ba littafi a hannu abin da ya haddace ne zai tashi. Ni dai na ga gaskiya a kowane ɓangare, sai dai na fi karkata ga masu cewa a haɗa. Mu ma a tarihinmu an yi makamanciyar wannan muhawara. Zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo akwai malaman da ke tsare talaka da tambayoyin tauhidi, in ya kasa kawo hujja irin ta littafi su ce imaninsa bai inganta ba, Shehu ya yi rubuce-rubuce yana yi musu raddi.

(Kiɗa kaɗan)

Ina ganin ana ɗaga mini hannu daga ɗakin injiniya, lokaci ya soma hararar mu, saura kuwa da yawa. Bari in tsakuro.

A tsallaken iyaka, yaron Maraɗi da Faransanci yake karatun boko, amma addu'arsa da Hausa yake yi, kuma shekara da shekaru littattafan coci na Hausa daga Nijeriya suke tsallakawa. Katolika sun samu dayosis a Maraɗi a 2001. Rufe iyaka da aka yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023, bai tsaya kan shinkafa da man fetur ba, ya taɓa zumuncin coci-coci kamar yadda ya taɓa na kowa.

Sai matsalar tsaro, wadda mutanen Jibiya ba sa bukatar a ba su labarinta. A watan Mayun 2022 'yan bindiga sun shiga cocin Katolika na Gidan Maikambo a ƙaramar hukumar Kafur, suka tafi da limamai biyu da wasu mutum biyu. Ƙauyen da aka tashe shi, makarantar allonsa ta watse, ajin katikisim ɗinsa ma ya watse. Shugabannin Kirista kuma sun daɗe suna kokawa cewa makarantun gwamnati da yawa a wannan yanki ba su da malamin addinin Kirista, wanda ke nufin nauyin duka ya koma kan gida da katikis.

A watan Mayun 2021 Paparoma Francis ya fitar da takarda ya mai da aikin katikis muƙami tabbatacce a cocin Katolika, na maza da mata, ya bar wa bishop-bishop na kowace ƙasa su tsara sharuɗɗan horarwa da naɗawa. Mun so mu shiga batun mata masu wannan aiki, da batun abin da ake biyansu, amma sai a wani shirin in Allah ya kai mu.



(Kiɗan rufe shiri)